Lemon Hulusi a Tsakiyar Sarewa

A duk birnin Izmir, Hulusi mai shayi ne kaɗai na sani da ke cewa faifan Hasumiyar Gishiri na situdiyo ya fi na dandali. Kuma yana da dalilinsa.

Hasumiyar Gishiri samari ne masu dogon gashi da ke kiɗan rok irin wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar faifai guda. A lokacin Hulusi saurayi ne, yana tallar lemon kwalba a dandalin wasanni na filin baje koli. Ya saba da mawaƙan da ke gama waƙa su yi shiru, shi kuma ya yi ciniki. Bai san waɗannan suna shiru a tsakiyar waƙa da gangan ba.

A faifan situdiyo, wurin tsaf yake. Ganga ta tsaya, jita ta tsaya, sarewa ta ja dogon numfashi ta ɗauke, sai shiru kamar an rufe ƙofa, sannan komai ya dawo tare. A na dandali kuwa, mai ganga yana gaggawa, jita ta ɗan kauce, kuma da shirun ya zo sai a ji murya garau: "Lemo mai sanyiii!" Murfin kwalba ya yi fas. Kafin Hulusi ya rufe baki wata yarinya ta tuntsire da dariya, jama'a suka bi ta, mai sarewar ma ya yi dariya cikin sarewarsa, ya busa wani abu da bai taɓa busawa ba, bai kuma sake ba.

Yarinyar 'yata ce, Birsen. Ni na raka ta, ina zaune kusa da ita da auduga a kunne ɗaya. Ta rasu kafin ta cika talatin. Ban taɓa gaya wa Hulusi ba, ko da yake na yi shekara da shekaru ina shan shayi a shagon da ya buɗe daga baya.

Faifan dandalin ne ya yi suna, Hulusi ma ya yi suna tare da shi ba da son ransa ba. Ɗalibai kan shigo shagon su zauna, su yi tsit, sai ɗaya ya ce, "Kawu Hulusi, ga shiru fa. Ba za ka ce komai ba?"

"Zan ce ku tashi ku ba masu hankali wuri, 'yan banza."

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya zo ya ƙaunaci waƙar. Yakan kunna ta situdiyo, ya ɗaga yatsa idan an zo shirun. "Ka ji, Hoja?" Haka yake kirana don na yi koyarwa. "Haka mutane suka gina abinsu, jaki ya zo ya yi kuka a ciki. Ni dai kuskure na yi. Amma yarinyar nan mai dariya, ita ta tona ni. Da ta yi shiru wa zai lura?"

"Wataƙila abin ne ya ba ta dariya," nakan ce.

"Rashin tarbiyya dai."

Da aka yi shekaru, sai aka ce za a sake fitar da faifan dandalin, kuma yanzu na'ura na iya goge hayaniya. Hulusi ya yi ta aike har mai sarewar, wanda gashinsa ya riga ya zube, ya ce muryar Hulusi ce, idan yana so a goge to a goge. Hulusi ya sa kwat, ya ce in raka shi, wai ana jin maganar mai digiri. Na je. Amma ba ni da wani faifai ko kaset mai muryar Birsen sai wannan.

Mai haɗa sautin wata budurwa ce, Tulin. Ta ga Hulusi ta miƙe tsaye. "Kai ne Kawun lemo? Wallahi babana ya fi son ka da mai jita."

"Ki gaishe shi, ki kuma cire ni."

Ta nuna mana allon, sautin ya zama duwatsu da kwaruruka. "Ga ka nan, Kawu. Ga dariyar. Ka ja 'sanyin' da yawa, ta hau kansa. Ba sa rabuwa. In ka tafi, da ita za ka tafi."

"Madalla. Mu tafi tare."

Ta goge, ta kunna. Sarewa ta ɗauke, shiru ya zo mai tsabta, sai ga mai sarewa yana dariya shi kaɗai babu dalili kamar wanda ya taɓu. Hulusi ya ɗan ɓata fuska amma ya gyaɗa kai.

"A sake kunna tsohon sau ɗaya," na ce.

Ta kunna. Na saurara. Da ya wuce na ce a ƙara.

Hulusi ya juyo ya dube ni. "Hoja, lafiya? Kai da ba ka son kiɗan nan?"

"Sunanta Birsen," na ce. "A layin da ke gabanka muke zaune."

Ya san sunan, ya zo mini ta'aziyya lokacin da ta rasu. Sannan ya cire hular kansa ya mayar.

"Kuma ka bar ni ina zagin ta a gabanka, kana shan shayina?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Ita ta tona ka."

Ya juya ga Tulin. "'Yata, mayar da jakin wurinsa."

"Ka tabbata, Kawu?"

"Mayar. Kuma ki ɗan ɗaga ta, ana jin murfin kwalba fiye da yarinyar."

Har yau Hulusi na nan kan bakansa cewa na situdiyo ya fi, kuma zai yi gardama da duk wanda ya shigo. Amma idan na zauna, na dandalin yake sa mini. Ya gwada fita waje idan an zo wurinsa ya dawo don dariyar, sai ya tarar ba ta yiwuwa. Yanzu tsayawa yake da butar shayi a hannu, ya toshe kunne ɗaya.