Gashin da Goggo Lieu Ta Bari

A unguwarmu ta birnin Hue, duk wadda ta gama ɗinkin gicciye ba ta kai wa mai firam sai ta biya ta wajen Goggo Lieu. Wanki da gugar ɗinki ne sana'arta tun kafin a haife ni. 'Yar tsohuwa ce, baki kamar reza, yatsu duk sun yi yaushi saboda ruwa. Ba ɗa ba jika, amma rabin falukan unguwar akwai aikin hannunta a bango.

Ni ɗinkin mahaifiyata ne ya kai ni, jajayen kifaye cikin furannin ruwa, aikinta na ƙarshe. Ambaliyar bara ta shiga akwatin da na ajiye shi, taɓo da fumfuna suka ɓata shi, ga ranar tunawa da rasuwarta ta matso, ina so in rataye shi kusa da hotonta. Mijina Khoa, sarkin shawara, ya ce a jiƙa shi a ruwan zafi da bilic.

"Bilic?" in ji Goggo da na gaya mata. "Ce masa ya fara wanke bakinsa da shi! Jan zare ya ji zafi ai zuba zai yi, kifin ya koma miya."

A ruwan sanyi ta jiƙa shi da ɗan sabulu, ta yi ta canza ruwa. Ba cuɗa ba matsa, a tawul take naɗe shi ya tsane. Da sauran danshinsa ta kifa shi, ta goge ta baya don kada zaren ya kwanta.

Ranar karɓa na ga kifayen fes, ban gama murna ba ta juya bayan ƙyallen.

"Matso, 'yar nan. Mai ɗinki takan ɗinke gashinta ba ta sani ba. Kullum tsince shi nake yi, wannan dai hannuna ya ƙi. Dubi inda mahaifiyarki ta fara, gashin baƙi ne. Nan wajen kifin ƙarshe, duk furfura."

Na sunkuya, sai kuka ya ƙwace mini.

"Ke, kauce! Kar ki ɗiga mini hawaye, yanzu na gama guga."

Har gobe ina gode wa matar nan. Da na je wurin mai firam, cewa na yi ya sa gilashi gaba da baya.