Motar Kaka da Gangaren Ƙofar Gida

Sau uku na murza makulli, tsohuwar motar dizal ɗin Kaka ta ƙi tashi. Tun shekarun samun 'yancin kai take gidanmu a Bagudo, amma Kawu ya rantse in ta sake hana shi kai albasa Illo, 'yan gwangwan zai kira.

Na ce, "Kawu, sati biyu ina lura. In ta kwana tana kallon gangare, tana tashi. In ta kalli tudu kamar yau, man komawa tanki yake, sai ta ƙi tashi."

Ya ce, "Kai da ko firamare ba ka ƙare ba?"

Duk da haka muka bi tiyon mai, sai ga 'yar tsaga tana shan iska, ita ke sa man komawa tanki. Na yanke wurin, na ɗaure, na jawo mai. Bugu ɗaya ta tashi.

Kawu ya ce, "To injiniya, ja mu Illo."

Ku wane tsohon kaya kuka kusa rabuwa da shi, ashe gyaransa kaɗan ne?