Saba'in da Biyar

Yanzu in baƙi biyu suka rasa harshen da zai haɗa su, waya suke ɗaukowa. A shekarun da na koyar a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai a Kuala Lumpur, ƙasar Malesiya, mutum ake nema, kuma in Jamusanci ne ni ake kira, domin na yi karatu a Jamus tun ina saurayi.

Haka na san wata Bajamushiya mai tsalle da gora. Ta daɗe tana gasa a Turai kafin a yi mata aiki a gwiwa, ta zo Kuala Lumpur ta yi atisaye inda babu sanyi. Turancinta ba ya nisa, dattijon da ke kula da filin wasanmu kuwa Malayanci kaɗai yake ji.

Wata Asabar da la'asar ta ce mini ta ba kanta tsalle uku. In ta haye sandar gicciye za ta koma gasa, in ta kasa ta bari ke nan.

Dirkokin da ke riƙe da sandar ana tura su gaba ko baya, mai tsalle ce ke faɗin santimita nawa. Ta faɗa mini da Jamusanci, na juya wa dattijon: hamsin da bakwai.

"Boleh, Tuan Haji," ya ce, wato "To, Alhaji," ya tura su.

Hadari na haɗowa. Ta ruga, ta kafa gora, ta tashi, ƙafafunta suka doki sandar tun tana hawa. A na biyu ta yi ƙoƙarin kauce mata a sama, ta murɗe, ta faɗo a gefen katifa kan gwiwar nan. Ta daɗe ba ta miƙe ba.

Ina tsaye ina maimaita lambar a raina sai na gane. Bajamushe, kamar Balarabe, ƙaramar lamba yake fara faɗa: biyar da saba'in. Ni kuwa na ji biyar, na ji bakwai a farkon kalmarsu ta saba'in, na jera su yadda Bahaushe da Bamalaye ke jerawa. Saba'in da biyar ta ce.

Babu wanda ya lura. Tana ɗingishi zuwa wurin farawa na tare ta.

"'Yata, dakata. Kuskurena ne. A hamsin da bakwai suke."

Ta dubi dirkokin, ta dube ni.

"Farfesa, duka biyun?"

"Duka biyun. Kada ki ƙirga su."

"Gwiwata ta riga ta ƙirga," ta ce.

Dattijon ya tambaye ni me ya faru, na faɗa masa. Ya gyara dirkokin, ya kira ta da hannu ta zo ta ga lambar da idonta.

An fara yayyafi. Ta shafa hoda a tafi, ta ɗaga gora, ta ruga. Saura taku biyu ta kafa sai na ga kafaɗunta sun saki. Ta yar da gorar, ta hau katifa a guje, ta zauna a can ƙarshenta tana riƙe da gwiwa.

Na ba ta haƙuri, ta ce mai yiwuwa ko a saba'in da biyar ɗin ba za ta haye ba. Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa ko tausayin tsoho ta ji ba. Ta bar wa ɗaliban jami'ar gorarta uku, ta koma gida, ba ta sake shiga gasa ba.