Takardar Yabon Malam Isuhu

Har gobe ban manta da Talatar da Malam Isuhu ya shigo ofishinmu da takardar yabo a cikin gilashi ba. Ku sababbin ma'aikata kun sha jin ina yi muku ƙorafi a kan shafin tarihin aiki, har wasunku na cewa Anti Rabi ta cika mita. To, ga inda mitar ta samo asali.

Lokacin ina shekarata ta biyu a nan, ina tafinta da cike fom. Ga wanda bai san aikinmu ba, mutanenmu da ke nan ƙasar Turawa muke taimaka wa da takardun zama ƙasa. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, idan ya cika shekara biyar yana iya neman zama ɗan ƙasa ya karɓi fasfo. Ni nake zama da shi mu cike fom, sannan in miƙa wa lauyar ofis, wata Baturiya da muke kira Madam, ta duba ta sa hannu kafin a aika. A shafi guda ana tambayar duk inda mutum ya yi aiki cikin shekara biyar da suka wuce.

Malam Isuhu Bamaraɗe ne, dogo, mai sanyin magana, yana aikin ɗaukar kaya a wani sito a titin Wendover a nan garin. Mutum ne da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, goro ma sai da sallah. Shekara tara rabonsa da gida. Ba hana shi aka yi ba, da katinsa yana iya zuwa tun tuni. Irin halinmu ne kawai: ba a komawa gida sai an cika, sai an riƙe fasfo a hannu, sai an tara tsarabar dangi kaf. Kullum baɗi. Ana cikin baɗi-baɗi ƙanwarsa ta bugo ta ce idon Inna, mahaifiyarsu, ya fara yana, tana gane mutum ne kawai idan ya matso kusa. Shi ne ya tashi haiƙan.

Ni na ce masa a waya ya zo da duk takardunsa. Kun dai san mutanenmu da takarda. Ya zo da jaka guda, har da sakamakon firamare. Can ƙasa ya zaro wannan takardar yabo, ya goge gilashin da hannun riga, ya ajiye a gabana.

“Hajiya, wannan nake so babban jami'in ya fara gani,” in ji shi. “Shekara biyu ina gadi a jihar Kolorado, ban taɓa makara ba ko sau ɗaya. Patron, mai kamfanin, da kansa ya sa hannu.”

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce, “Malam Isuhu, ai irinku ake nema.” Na rubuta sunan kamfanin a fom da hannuna, har na ƙara da cewa mu haɗa da hoton takardar don su san ba malalaci ba ne. Sunan ba ya nuna komai, wani abu ne mai kama da sunan kantin magani. Ban tambaye shi me ake sayarwa a bayan ƙofar da yake tsaro ba. A wurinmu gadi gadi ne, kuma ba a titsiye dattijo da tambaya a kan hanyar abincinsa, sai ya ga kamar an raina shi.

Madam ta karɓi fom tana shan shayinta. Ta zo shafin aiki ta tsaya. Ta buga sunan a kwamfuta, ta ajiye kofin, ta ce in shigo da shi.

Ta tambaye shi, ni ina fassarawa, ko ya san abin da shagon ke sayarwa. Ya ce ya sani mana, wiwi ne, amma da lasin gwamnati a manne a bango, 'yan sanda ma suna wucewa su ɗaga masa hannu. Ya ce shi bai taɓa ko taɓa ta ba, katin shaida kawai yake dubawa a bakin ƙofa, in ya koma gida ya wanke rigarsa saboda wari kafin ya yi salla.

Madam ta yi masa bayani a hankali, ni kuwa ina juya masa jimla bayan jimla. Ƙasar nan doka biyu ce a kan abu guda. Jihar da ya yi aiki ta halatta, ta ba da lasin, tana karɓar haraji. Gwamnatin tarayya kuwa har yanzu tana lissafa wiwi cikin haramtattun ƙwayoyi, kuma takardun zama ƙasa ba na jiha ba ne, na tarayya ne. A idon jami'in da zai karanta fom ɗin, wanda ya ci albashi a irin wannan shago yana iya zama wanda ya taimaka wa cinikin ƙwaya. Za a iya hana shi fasfo. Abin da ya fi wannan muni, idan ya fita ƙasar da katinsa, a filin jirgi ranar dawowa za a iya tsare shi a kan wannan magana, katin ma ya shiga haɗari.

Malam Isuhu ya juyo gare ni, ba gare ta ba. “Hajiya, gaya mata gwamnati ce ta ba su izini. Gwamnati ce ta ba ni lasin gadin ma.”

Na gaya mata. Ta ce ta sani, kuma ba ta ce adalci ne ba.

Ya miƙe ya je taga, ya nuna wani shago can tsallaken titin Gate City mai hoton koren ganye a gilashi. “To wancan fa? A nan garin ma ga shi ana sayarwa.” Madam ta ce wancan ɗan'uwan wiwi ne da doka ta ba wani suna dabam, jihar nan ba ta halatta wiwi ba, kuma ko lauyoyi kan yi gardama a kan inda iyakar take. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya dawo ya zauna.

Sai na yi wautata ta biyu. Na ce da Madam da Turanci, ƙasa-ƙasa, ko za mu share layin kawai. Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa. Ta ce ƙarya a wannan fom ta fi wiwin kanta muni, kuma albashinsa na rubuce a takardun haraji. Shawararta ita ce kada a aika fom yanzu, a jira aikin ya fita daga cikin shekara biyar ɗin, saura uku ke nan, sannan a sake zama a duba, don ko a lokacin ba ta yi masa alkawari ba. Kafin nan kada ya taka waje.

“Shekara uku,” ya ce. “Hajiya, idon Inna ba zai jira shekara uku ba.”

Gaba kura baya sayaki. Can ga uwa, nan ga mata da 'ya'ya mata biyu a makaranta. Ya ɗauki takardar yabon ya mayar cikin jaka, fuskarta a ƙasa. Na raka shi har mota. Ya buɗe but zai sa jakar, sai na ga tsarabar: atamfofi, man zafi na ciwon gwiwa, bargo mai laushi, da tabarau na karatu guda uku, don bai san lambar da za ta yi mata ba. Na koma ofis na shiga banɗaki na yi kukana. Tausayinsa nake ji, kuma kewar tawa uwar ta taso mini, ita da aka binne ina nan, sai ta waya na ji.

Bai tafi ba. Ya zaɓi 'ya'yansa, kuma ban taɓa jin wanda ya zarge shi ba sai shi kansa. Tun daga nan ya zama ɗan siyasar dole. Mutumin da bai san sunan gwamnan jiharmu ba ya koma bin labarai a rediyon mota. Duk lokacin zaɓe, ko aka ce majalisa za ta zauna a kan maganar, sai ya leƙo. “Hajiya, na ji an ce za su sassauta. Ya shafe ni?” In tambayi Madam, ta girgiza kai, in ce masa tukuna.

A shekara ta biyu na je gida Katsina hutu. Maraɗi ba nisa, na ɗauki bargon da tabarau na tsallaka. Na tarar da Inna a zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, 'yar ƙaramar tsohuwa mai dogayen yatsu irin nasa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna ba ta saki ba.

“Ke ce kike ganinsa? Ya yi furfura?”

Na ce kaɗan, a gemu.

“Laifin me ya yi, 'yata? An ce mini ba sata ba ce.”

Na ce, “Inna, a bakin wata ƙofa ya tsaya. Hukuma ɗaya ta ce ya tsaya, wata hukumar ta ce don me ya tsaya.”

Ta shafa bargon. Na miƙa mata tabarau, ta juya su a hannu, ta mayar mini. Ta ce, “Ki kai wa mai sauran ido. Ki ce da Isuhu ya daina gaggawa, abin da yake tsere da shi ya riga ya tafi. Ya zauna ya gyara takardarsa. In ya zo, da hannu zan gane shi, ni na san ƙeyar ɗana.”

Da na dawo na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Ya rufe fuska da hularsa, ya daɗe a haka.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba ɓoye-ɓoye ne ke kayar da su a wannan aiki ba, yawanci abin da suke alfahari da shi ne. Kunyar da aka rene mu da ita, ta kada a tambayi babba, a wannan teburin cuta ce. Idan mutum ya ce muku gadi ya yi, ko tuƙi, ko shara, ku ba shi girmansa, sannan ku tambaye shi na mene ne, a wace jiha, me ke cikin kwalin. Da Madam ba ta ajiye kofin shayinta ba, da ni da hannuna na aika fom ɗin, na jefa shi cikin haɗari.

Fayil ɗinsa na nan a durowata ta ƙasa, saura wata huɗu mu sake buɗe shi. Inna na nan da rai. Ranar Juma'ar da ta wuce na gan shi a wurin ajiye motoci na masallaci ya buɗe but, atamfofin na nan a jere, ya ƙara turare a kai. Ya ce tunda ba za ta gan shi ba, gara ta ji ƙanshinsa tun daga zaure.