Gaisuwar da Ta Kusa Rufe Mini Gidan Burodi

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato ina da gidan burodi a Jega, a unguwar Firchin. Ba wani babban abu ba ne: tanderun ƙasa ɗaya, ma'aikata uku, sai ni. Amma sabuwar jiha ta zo da sababbin bakuna. Motoci suka yawaita a hanya, masu shayi suka ƙaru, har na Aliero da na Maiyama suka ce in riƙa kai musu burodi kowace safiya, sun gaji da zuwa ɗauka a kan keke.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, direba ne. Bas yake ja tsakanin Jega da Aliero, kuma kullum shi ke fara tashi daga tasha bayan sallar asuba. Da ya ji labari ya same ni a bakin tanderu.

"Bawana," in ji shi, don da haka muke kiran juna tun muna yara, "kawo kwalayenka in ɗora bisa mota. Ni dai can za ni, da burodi ko babu. Na Maiyama kuma akwai abokina da ke bin hanyar. Kai tsaya ga wutarka."

Magana ce ta hankali. Ni kuwa na dube shi a gaban ma'aikatana na ce, "Wa ka taɓa gani ya ba kura ajiyar nama? Kafin ka kai Aliero ka cinye rabi."

Da a nan na tsaya, da wasan taubasai ne. Sai na je tasha na maimaita a gaban fasinjojinsa, ba da dariya ba. Ban taɓa ganin ya ɗauki ko allurar wani ba. Gaskiyar ita ce so nake a ce mini mai mota.

Na sayi wata tsohuwar a-kori-kura daga hannun wani dillalin albasa. Aibinta ɗaya: ba ta tashi da makulli, sai an tura. Na sa mai fenti ya rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe, BURODI BA YA JIRA.

Abin da ban lissafa ba shi ne, daga Jega zuwa Aliero babu wanda bai san ni ba, ko bai san ubana ba. Kuma a wajenmu mai motar kansa ba ya wuce wanda ya sani a tsaye bakin hanya. In dattijo ne, ba a gaishe shi daga cikin mota. Sai ka fito ka durƙusa. Injin motata kuwa ƙararsa kamar injin niƙa, ba a jin gaisuwa sai an kashe shi. In an kashe, sai an tura. Saboda haka duk dattijon da na gaisar, da shi ake turin. Akwai wani limamin ƙauye da ya tura motar nan har sau huɗu a wata guda, bai taɓa cewa komai ba sai "Allah ya sa albarka."

Bayan gaisuwa kuma sai rage hanya. Wannan za ta biki, wancan zai kai akuya kasuwa, waccan ƙanwar kakata ce. Wurin zama a bayan mota babu sai kan kwalaye. Burodin da ya fito daga tanderu da asuba yana tashe kamar kumatun jariri, sai ya isa Aliero rana ta take, a shimfiɗe. Na Maiyama kuwa wani lokaci sai la'asar.

Shugaban masu shayin Aliero mutum ne mai haƙuri, amma ranar nan ya ɗaga burodi ɗaya da yatsu biyu ya juya shi.

"Malam, wanga burodi ne ko faifai?"

Na fara ba shi labarin wata tsohuwa mai ƙiba. Ya katse ni.

"Ji nan. Albasa ta fito. Ran kasuwa mai zuwa baƙi za su cika garin nan, da masu saye da masu dako, kowa shayi zai nema tun da sahe. In hantsi ya yi ba mu ga burodinka ba, akwai mutumin Birnin Kebbi da ke roƙonmu. Mu duka za mu koma gare shi."

Aliero ita ce fiye da rabin cinikina. In ta tafi, sai in kashe wutar tanderu in sallami mutum uku masu iyali.

Na yi kwanaki ina tunani. Ban tuna da taubashina ba, ko in ce na tuna na kawar da kai. Dabarar da na samo ita ce in ɓad da kama. Ranar kasuwa na naɗa rawani na rufe baki da hanci, na sa baƙin tabarau, na fito tun rana ba ta ɗaga ba. Hankalina bai ba ni cewa ba fuskata mutane ke ganewa ba. Mota ɗaya ce a ƙasar nan mai wannan rubutu da wannan ƙara.

Na wuce mutum biyu ina kallon gaba, suna kiran sunana. Na ce a raina gobe na ba su haƙuri. Can bayan gari sai ga surukina, mahaifin uwargidana, tsaye bakin hanya riƙe da igiyar rago. Bikin suna za shi a wani ƙauye. Ya ɗaga hannu.

Na wuce shi.

Amma ban yi nisa ba. Na taka birki, na dawo da baya, na kashe inji, na kwance rawani, na durƙusa a kan tsakuwa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau," in ji shi. "Yanzu na ga wani mai rawani ya wuce da motarka. Na ce ko sai da ta ka yi ba mu ji ba."

Na ce rana ce ta haske mini ido. Ya dubi tabarau ɗin da ke hannuna. Muka gaisa har ƙarshe, da gida da yara da gajiya da sanyi. Aka ɗora rago a baya. Aka zo turi, mota ta ce ba ta san zancen ba. Muka tura gaba, muka tura baya, ni da dattijo mai furfura. Shiru. Rana tana hawa, rago kuma ya samu kwali ɗaya ya fara karin kumallo.

Sai ga bas ɗin taubashina, a sawunsa na biyu. Surukina ya ɗaga masa hannu. Ko rage gudu bai yi ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Ba wuri, Baba, ta cika!"

"To, Allah shi tsare hanya!" in ji surukina, ransa fari.

Na tsaya baki buɗe. Mutumin da zai riƙe ni a zuci shekara goma don na wuce shi, ga shi yana yi wa wani addu'a don ya wuce shi. Motar haya ce, kowa ya san aikinta take yi. Ashe abin da taubashina ya zo ba ni ran nan a bakin tanderu ke nan: shi yana da ikon wucewa, ni ba ni da shi.

Can gaba na ji birki. Taubashina ya gane motata. Ya dawo da baya a hankali, ya karanta rubutun da ƙarfi don fasinjoji su ji.

"Burodi ba ya jira! To mi yake yi nan?"

Mota ta ɗauki dariya. Na matsa kusa da taga na ce ƙasa-ƙasa, "Ka taimake ni."

"Ban ji ba. Kura ba ta ji sosai."

"Ka taimake ni, ka kai Aliero."

"Wane ne bawa?"

"Ni ne."

Ya fito da kansa, ya hau saman bas ɗin, ina miƙa masa kwalaye yana ɗaurewa. Wanda rago ya taɓa ya ce in bar wa rago, ya riga ya yi bisimilla. Burodi ya isa kafin hantsi, a tashe. Shugaban masu shayi ya aiko mini da saƙo cewa yau ya ga burodi mai tsayi. Ni kuwa a ƙafa na raka surukina wajen suna, ina jan rago.

Daga ranar muka tsara aiki. Kowane mai shayi da launin fentinsa a jikin kwali, don ba duka ke karatun boko ba. Ana idar da asuba kwalaye suna tasha, na Aliero a motar taubashina, na Maiyama a ta abokinsa, ladan dako kamar na kowane kaya. Da azahar kwalayen su dawo babu kowa a kansu. Ni na koma bakin tanderu, inda na iya. Motata kuwa ta zauna a ƙofar gida, kaji suka yi shekaru suna ƙwai a cikinta.

Shekara da shekaru taubashina yana kai burodin nan, ko ɗaya bai taɓa ɓata ba. Na sha yin niyyar in je tasha, a gaban mutanen da na kira shi kura, in ce ƙarya na yi masa. Kullum sai in ce gobe, in aika masa da burodi biyu masu zafi a madadin magana. Yana karɓa, ya ce a gaya wa bawansa gishiri ya yi kaɗan. Har Allah ya karɓi ransa ban je ba.