Baiwa Mai Kallon Ƙafa

Shekarar da aka ba Kebbi jiha, Baiwa ungozoma ce a wani asibiti a Argungu, kuma ita ake haɗa wa ɗaliban likitanci masu zuwa daga Sakkwato koyon karɓar haihuwa. Da sun sauka sai ta ƙirga su. A shekarar su takwas ne, idanu goma sha shida, kuma a cewarta ba ko ɗaya mai gani.

Darasinta ɗaya ne: macen ƙasar nan ba ta kuka a naƙuda, don abin kunya ne, ko da jini na tafiya.

"Ku bar jiran bakinta! Ku dubi yatsun ƙafa. In sunka lanƙwashe suna tonon ƙasa, magana ta ƙare."

Wadda ta fi shan faɗa ita ce Adawiyya, da Baiwa ke kira Makauniya.

A gidan Baiwa kuwa, can Birnin Kebbi, akwai 'yarta ta fari, Sadatu, ta zo goyon ciki. Kunyar 'yar fari ta hana Baiwa kiran sunanta ko kallonta sosai. "Waccan" take ce mata, tana kallon bango.

Wata Asabar ɗaliban suka biya gaishe ta. Sadatu ta kawo ruwa, ta tsaya jikin ƙofa shiru. Baiwa na ta lissafa musu matan da ta gano da kallo ɗaya, har ta kai kan wata mata ta garin Gulma, sai Adawiyya ta katse ta.

"Inna, ɗiyarki..."

"Waccan? Da sauranta."

"Inna, dubi ƙafarta hwa."

Baiwa ta duba, da ƙyar. Yatsu goma sun kafe a ƙasa, ga jini yana bin dunduniya. Ashe tun safe ake abu, a gaban gwanar kallo.

"Sadatu!" ta ƙwala, har maƙwabta suka ji.

A motar ɗaliban aka kai ta asibiti, Adawiyya na riƙe da ita. Mabiyiya ce ta so tare wa jaririn hanyar fitowa, amma an kai da wuri, uwa da jariri suka tsira.

Ranar Litinin Baiwa ta shiga aji ta ƙirga.

"Idanu goma sha takwas har da nawa. Biyu ka aiki. Makauniya, zo gaba ki ja mu."