Mai Kunne da Akwatin Cikin Silin

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Mai Kunne a gida ba. Yana ofishin kula da layukan sadarwa, ya gwada batir, ya rataya abin sauraro a wuya, ya saɓa eriyarsa mai kama da ƙayar kifi. Matarsa takan yi masa tsiya, wai duk duniya shi kaɗai aka ɗauka aikin sauraron ƙara.

Farautar masu toshe layi yake yi. Yakan ce injin toshewa ba ya yanke komai, ihu kawai yake yi: mutum biyu na magana, na uku ya shiga tsakaninsu yana buga gwangwani har su kurmance. Sojoji na amfani da shi saboda bam ɗin da ake tayarwa da waya, gidan yari ma haka, amma da izini da iyaka. Wanda ya saya a ɓoye bai san inda ihunsa ke tsayawa ba.

Ga abin da nas ɗin wani ƙaramin asibiti ta shaida. Kwana uku, kullum daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, rediyonsu na oba-oba sai shuuu, wayoyi babu sabis. Kowa na zagin kamfanin waya. Mai Kunne ya duba lokutan, ya ce lalacewar na'ura ba ta bin agogo, wannan da hannun mutum.

Rana ta huɗu ya iso tara da rabi, ya tarar da nas a bakin ƙofa tana ɗaga waya sama, jini har gwiwar hannu. Wata mata ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Mijin ya hau babur neman mota, likita yana babban asibiti, ita kuma ba ta iya barin matar. Muryar likita take bukata, yanzu.

Mai Kunne ya kunna na'urarsa ta sauraro. Ya manna na'urar a ƙirji, ya shiga juyawa a hankali, don jikinsa ya tare ƙarar: inda ta ragu, mai ita yana bayansa. Sau uku yana juyawa, sau uku ƙeyarsa na kallon makarantar da ke bayan katanga.

Shugaban makarantar ya tare shi a ƙofar zaure, ya rantse babu wani inji, kuma jarrabawa ake yi, sai dai ya dawo ƙarfe sha biyu. Mai Kunne ya cire abin sauraron ya ɗora masa a kunne. Mutumin ya runtse ido, ya fara kame-kame, wai ɗalibai ne suka addabe shi da satar amsa ta waya.

Mai Kunne ya ce, "Malam, in na jira sha biyu, gawa za ka taya mu ɗauka. Matsa."

Ya taka tebur a tsakiyar masu jarrabawa, ya ɗage allon silin, ya laluba cikin ƙura har ya taɓa wani akwati mai zafi, ya fizge wayar wutarsa. Nan take wayoyin da aka ɓoye cikin safa suka hau kuka. Bai ko waiwaya ba. Ya tsaya a kan teburin nan, kunnensa na wajen taga, har ya jiyo muryar nas ta bayan katanga: "Likita, ina jinka, faɗa mini."

Matar ta rayu. Har yau ba ta san fuskarsa ba.

Mai Kunne, kai ne ka tsufa da zafin rana a ka, kunnenka na hagu ya tafi a bakin aiki, ba ka taɓa neman a tafa maka ba. Yau ka ajiye eriya. Mun gode, Allah Ya saka, Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma da za ku gaje shi, kada ku zauna a ofis kuna jiran takarda. Ku gwada batir, ku fita. Duk inda layi ya yi shiru, akwai mai kiran da ba a ji.